Yaron da ya fara jefa kwando a Sakkwato, da daren da tazarar maki 20 ta narke

Shirin yau na ƙwallon kwando ne, amma ku yi mini uzuri in fara da ta ƙafa, don ita muka fi sani.

Ranar 13 ga Nuwamba 2020 ina zaune a wani gidan kallo a Bodinga, Najeriya na karawa da Saliyo a Benin. Kafin a cika minti 30 mun zura huɗu: Iwobi biyu, Osimhen ɗaya, Chukwueze ɗaya. Wani abokina ɗan Shagari, da aka tafi hutun rabin lokaci ana 4-1, sai ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "Ai wasa ya ƙare, bari in bi mota tun dare bai yi ba." Kafin ya gama sauka a Shagari an tashi 4-4. Da na kira shi cewa ya yi, "Kai dai ba ka rabo da wasa, wa anka ce ya rama huɗu?"

To irin wannan abu a ƙwallon kwando ya fi yawa. Kuma labarin da na fi so a kai yana da jibi da Sakkwato, abin da yawancin matasanmu ba su sani ba.

Hakeem Olajuwon ɗan Legas ne, an haife shi a 1963. Yana yaro gola yake yi a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Yana ɗan shekara 15 makarantarsu, Muslim Teachers College, ta zo gasar wasanni ta makarantun horon malamai da aka yi a Sakkwato. Shi da ƙungiyar ƙwallon hannu ya zo. Wani ɗalibi ya roƙi koci a bar dogon yaron nan ya shiga ta kwando, aka bar shi. Daga nan ne fa. A 1980 ya tafi Jami'ar Houston a Amurka, a 1984 kuma ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauke shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA. Michael Jordan na uku aka ɗauka a shekarar.

Ga wanda bai saba ba: in an gama kakar NBA ana shiga zagayen fitar da gwani, ƙungiya biyu su yi ta karawa, wadda ta riga cin wasa huɗu ta wuce. Kowane wasa kwata huɗu ne, minti 12 kowace.

A watan Mayun 1994 Houston ta haɗu da Phoenix Suns ta su Charles Barkley da Kevin Johnson. Wasa biyun farko a gidan Houston. A na farko sun ba da tazarar maki 18, aka bi su aka cinye su 91-87. Mutane suka ce tuntuɓe ne. A na biyu, saura kusan minti 10 a tashi, Houston na gaba da maki 20. A kwatar ƙarshe gaba ɗayanta maki 8 kacal suka ci, Phoenix ta ci 26. Aka yi kunnen doki 108-108, aka ƙara lokaci, Phoenix ta tafi da wasan 124-117. Washegari jaridar garin, Houston Chronicle, ta buga kanu da manyan baƙaƙe: "Choke City", wato garin masu shaƙewa in tuwo ya zo maƙogwaro. Jaridar garinku fa, ba ta abokan hamayya ba.

Yaya ake zubar da maki 20 a minti 10? Na daɗe ina juya wannan. A ƙwallon ƙafa in kana gaba kana iya riƙe ƙwallo, ka mayar wa gola, ka kwanta a ciyawa kana riƙe da gwiwa. A kwando babu wannan gatan. Daƙiƙa 24 aka ba ka, dole ka jefa ko ka ba da ƙwallo. Minti 10 ya ishi kowane ɓangare ya kai hari kusan sau 20. To wanda ke gaba sai ya fara kallon agogo maimakon kwando. Ya riƙe ƙwallo har daƙiƙun su kusa ƙarewa, sannan ya yi jifar dole, ta ƙi shiga. Wanda ke baya kuwa ba shi da abin asara, sai gudu da jifa daga nesa mai maki uku. Uku irin wannan suka shiga, maki tara sun tafi. Daga nan hannu ya fara rawa, kowa na miƙa wa ɗan'uwansa don kada a ce shi ya ɓarar. Ni a ganina ba ƙwarewa ce ke guduwa ba, salon da ya kawo tazarar ne ake ajiyewa da hannu.

An tafi Phoenix ana 2-0, kowa ya gama yi wa Houston jana'iza. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A wasa na uku Vernon Maxwell ya ci maki 34, 31 daga ciki bayan hutun rabin lokaci, Houston ta ci 118-102. Suka ci na huɗu da na biyar, Phoenix ta ci na shida. A na bakwai Hakeem ya zuba maki 37, aka tashi 104-94. Suka kawar da Utah, suka doke New York Knicks a wasa bakwai, suka ɗau kofin farko a tarihin ƙungiyar. A wasa na shida da New York, yatsun Hakeem ne suka taɓa jifar ƙarshe ta John Starks, wadda da ta shiga da kofi ya tafi. Shekarar shi ne gwarzon kaka, gwarzon tsaro, gwarzon wasannin ƙarshe, duka uku. Sunan garin ma aka juya shi zuwa "Clutch City", garin masu tsayawa in ta yi tsami.

Masu cewa ai don Jordan ya yi ritaya ne a 1993, na ji ku. Amma ya dawo a Maris 1995, kuma Orlando ta fitar da Chicago yana cikin fili.

A 1995 reshe ya juye da mujiya. Phoenix ce ta shiga gaban Houston da wasa 3-1, saura ɗaya ta wuce. Houston ta ci uku a jere, na ƙarshen 115-114 a gidan Phoenix, bayan jifar Mario Elie daga kusurwa. A wasan farko na ƙarshe kuma Orlando ta su Shaquille O'Neal ta ba su tazarar maki 20. Saura daƙiƙu, Orlando na gaba da uku, Nick Anderson ya samu jifar kyauta huɗu, ɗaya kawai ake nema. Ya ɓarar da huɗun. Kenny Smith ya farke da mai maki uku, a ƙarin lokaci Hakeem ya tura ta ƙarshe, 120-118. Orlando ba ta ci ko wasa ɗaya ba, 4-0 aka share ta. A Fabrairun shekarar, cikin azumi, yana azuminsa, aka zaɓe shi gwarzon wata.

Duk lokacin da na bi hanyar Bodinga zuwa Shagari ina ganin dogayen samari a bakin titi, wani na lodin albasa, wani na tura baro. Akwai wata makaranta da na sani, filin kwandonta na nan da siminti da ƙarafuna biyu, amma zoben ya karye tun ina ɗalibi, yanzu shanya ake yi a wurin. Na ba abokina na Shagari wannan labari kaf, ya saurara har ƙarshe. Tambayarsa ɗaya: wai ɗalibin da ya roƙi kocin nan, Hakeem ya tuna da shi kuwa?

Sai mun haɗu a shiri na gaba.