Daga katin huda zuwa agwagwar Harvard

A farkon shekarun 1960, ɗalibin da ke koyon rubuta wa kwamfuta umarni a Amurka ba ya ko taɓa na'urar. Zai huda umarninsa a jikin katunan kwali, ya miƙa wa ma'aikacin ɗakin kwamfuta, ya tafi ya jira. Wani lokaci sai washegari sakamako ke fitowa, ya tarar waƙafi guda ya manta, aiki ya koma sabo.

Malaman lissafi biyu na Kwalejin Dartmouth, John Kemeny da Thomas Kurtz, suka ga jiran nan yana kashe wa ɗalibai gwiwa. Ranar 1 ga Mayun 1964 suka fara gwada yaren BASIC, bisa wani tsari da ya bai wa mutane da yawa damar aiki da kwamfuta ɗaya a lokaci guda. Ɗalibi ya buga umarni, ya ga amsa nan take. Har ɗaliban tarihi da adabi suka shiga. Manyan fannin ba su ji daɗi duka ba: a 1975 Edsger Dijkstra na ƙasar Holan ya rubuta cewa wanda ya fara da BASIC ya lalace, da wuya ya gyaru. Duk da haka yaren ya bazu, ya iso har manhajar sakandaren Nijeriya, inda ɗalibai da dama suka koye shi da alli a kan allo, ba kwamfuta a ajin.

Wanda ya fi zurfafa tunani a kan koyarwar shi ne Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya yi aiki da masanin tunanin yara Jean Piaget a Geneva. A 1967 shi da Wally Feurzeig da Cynthia Solomon suka ƙirƙiro yaren Logo domin yara. Daga baya aka haɗa masa “kunkuru”, wani ɗan inji mai taya da alƙalami, yana yawo a kan takarda. Yaro ya umarce shi ya yi gaba, ya juya dama da digiri 90. In ya maimaita sau huɗu, murabba'i ya fito. In kuwa zanen ya karkace, malami ba ya gyarawa. Yaron ne zai miƙe, ya taka hanyar da ƙafarsa kamar shi ne kunkurun, har ya gano inda ya kauce. A wurin Papert, farautar kuskuren nan ita ce karatun.

Scratch, wanda Mitchel Resnick da abokan aikinsa suka fitar a MIT a 2007, ya ɗora daga nan: yaro na harhaɗa tubala masu launi maimakon buga haruffa. Jami'o'i da yawa suka koma yaren Python, Ingila kuma ta sa darasin rubuta wa kwamfuta umarni a manhajar yara tun daga shekara biyar a 2014.

Sai ga ƙirƙirarriyar basira. Copilot, mai taya rubuta manhaja, ya fito a 2021, ChatGPT a Nuwamban 2022, kuma aikin gidan da ke cin ɗalibi dare guda ya koma na ƴan daƙiƙoƙi. Tsoro irin na Dijkstra ya dawo, a wannan karon da hujja mai ƙarfi, domin ɗalibi na iya miƙa manhajar da ke aiki lafiya alhali bai san abin da layi ɗaya ke yi ba.

A 2023 darasin CS50 na Harvard, wanda David Malan ke jagoranta, ya fito da mataimakinsa mai siffar agwagwa, daga al'adar masu rubuta manhaja ta yi wa agwagwar roba bayanin matsalarsu har su gano bakin zaren. An tsara agwagwar ta riƙa yi wa ɗalibi tambaya da nuni, ta hana shi cikakkiyar amsa. A Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego kuwa, Leo Porter ya bar ƴan ajin farko su yi aiki da Copilot. Ya mai da ƙarfin darasin ga rarraba babbar matsala zuwa ƙanana, da karanta abin da na'urar ta rubuto, da gwada shi har a kama inda ta yi kuskure.