Itacen Tik: Yadda Ake Noman Sa da Abin da Ke Tabbatar da Ingancin Katakonsa

Tik, wanda masana tsirrai ke kira Tectona grandis, yana cikin itatuwan da katakonsu ya fi daraja a kasuwannin duniya. Asalinsa dazuzzukan Indiya, Myanmar, Tailan da Laos ne. An san shi da jure gara da ruwa, saboda wani maiƙo da ke cikin jikinsa, shi ya sa aka daɗe ana ƙera jiragen ruwa, ƙofofi da kujeru da shi.

Yawan sara ya sa tik na daji ya yi ƙaranci, har Myanmar ta haramta fitar da gungumensa zuwa waje a 2014. A yau kasuwa ta ƙara dogara ga wanda aka shuka a gandu.

Tarihinsa a Najeriya

An fara dasa tik a Najeriya a 1902 da irin da aka kawo daga Indiya, daga baya kuma daga Myanmar. Gandun dajin Olokemeji a Jihar Ogun da na Gambari kusa da Ibadan suna cikin tsofaffin wuraren nomansa. A Arewa kuwa, fitaccen misali shi ne gandun Nimbia da ke yankin Jema'a a kudancin Jihar Kaduna.

Itacen yana son ruwan sama na aƙalla milimita 1,200 a shekara, da rani na watanni uku zuwa biyar, da ƙasa mai zurfi wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Ruwan da Maiduguri ke samu bai wuce kimanin rabin haka ba, don haka dogon yaro ne ya karɓi garin, ba tik ba. Magidancin da ke gini a unguwa kamar Jiddari Polo mai saye ne kawai, kuma katakon da kafinta zai yi masa ƙofa da shi daga nesa aka ɗauko.

Noma mai ɗorewa

Ana renon iri a gadon dashe, a datse sama da saiwa, sannan a dasa ɗan kututturen da farkon damina. A wasu gandaye ana bai wa manoma damar shuka masara ko rogo a tsakanin layuka a shekarun farko, su ci amfanin gona, su kuma kula da dashen.

Bayan haka sai aikin haƙuri. Ana datse ƙananan rassa domin gungume ya miƙe ba ƙulli, ana kuma rage cunkoso lokaci zuwa lokaci domin waɗanda aka bari su yi kauri. Idan aka bar gandu ya cushe, inuwa kan kashe ciyawar ƙasa, ruwan sama ya zaizaye ta. Busasshen ganyen da yake zubarwa da rani kuma makamashi ne ga wutar daji. Gandu yana ɗorewa ne idan ana sara kashi-kashi, ana maye gurbin abin da aka sare da sabon dashe ko da tohon kututture.

Ina ingancin yake?

A da, akan bar tik ya kai shekara 50 zuwa 80. Yanzu gandaye da yawa suna sarewa yana da shekara 20 zuwa 25, domin kuɗi su dawo da wuri. Saurin girma shi kaɗai ba ya rage ƙarfin katakon sosai. Bambancin yana ga tsakiyar itacen, mai launin zuma, wadda ita ce ke ɗauke da maiƙon. Ƙaramin itace yana da farin gefe mai faɗi, gara kuwa ba ta jin nauyin wannan ɓangare.

Saboda haka sunan tik kawai bai isa shaida ba. Masu sana'ar kan duba launin katako, da ɗan santsin maiƙo a hannu, da ƙamshinsa mai kama da na fata, da kuma ƙarancin ƙulli da fari a gefe. Bushewa ma tana da muhimmanci, musamman a Borno, inda iskar hunturu kan tsaga ɗanyen katako ko ta karkatar da ƙofa bayan an kafa ta. Katakon da aka yanka daga itacen da ya ƙosa, aka kuma busar da shi a inuwa, yakan yi shekaru gommai ana amfani da shi.