Mödlareuth: Ƙauyen Da Aka Gina Wa Katanga A Tsakiya

A kan iyakar arewa maso gabashin jihar Bavariya ta ƙasar Jamus, ba nisa da garin Hof, akwai wani ƙauye mai suna Mödlareuth wanda mutanensa ba su fi hamsin ba. Yana cikin yankin Vogtland, ƙasar tuddai, gonaki da dazuzzuka, kusa da mahaɗar jihohin Bavariya, Turinjiya da Saksoni. Wani ɗan rafi da ake kira Tannbach ne ya ratsa tsakiyarsa, kuma bai da faɗin da zai hana yaro tsallake shi. Duk da haka, shekaru kusan 40 wannan rafi yana cikin iyakokin da aka fi tsaronsu a duniya, har sojojin Amurka suka laƙaba wa ƙauyen suna "Ƙaramar Balin".

Iyakar ba sabuwa ba ce. Tun ƙarni na 16 rafin ke raba ƙasashen sarakuna biyu. A 1810 aka kakkafa duwatsun iyaka a bakinsa, gefe ɗaya an sassaƙa haruffan KB, alamar masarautar Bavariya, ɗaya gefen kuma FR, alamar ƙaramar masarautar Reuss. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya sarautu suka rushe, ɓangaren Reuss ya faɗa cikin jihar Turinjiya da aka kafa a 1920. Amma duk wannan a takarda ya tsaya. Makarantar ƙauyen da gidan da ake taruwa a ci a sha suna ɓangaren Turinjiya, ranar Lahadi kuwa kowa ya nufi coci a Töpen, cikin Bavariya. Ana auratayya, ana noma a tsallaken rafi, babu mai tambayar wani takardar izini.

Abin ya canza ne a 1945. Da ƙasashen da suka ci Jamus da yaƙi suka zo rabon yankunan da kowa zai riƙe, sai suka bi tsofaffin iyakokin jihohi. Bavariya ta zama rabon Amurka, Turinjiya ta zama ta Tarayyar Sobiyat. Waɗanda suka yi rabon ba su da masaniyar wani ƙauye mai gidaje 'yan kaɗan, amma layinsu ya bi ta tsakiyarsa. A 1949 aka kafa Jamus ta Yamma da Jamus ta Gabas, Bavariya a ta Yamma, Turinjiya a ta Gabas, maƙwabcin jiya ya wayi gari ɗan wata ƙasa. Da farko ana iya tsallakawa da takardar izini, wasu kuma su saci jiki cikin dare.

A watan Mayun 1952 gwamnatin Jamus ta Gabas ta rufe iyakar baki ɗaya. Aka share fili mai faɗin mita 10 a bakin iyaka, aka ware mita 500 a matsayin yankin tsaro, sannan kilomita 5 da baƙo ba ya shiga sai da izini na musamman. Aka kwashe dubban mutanen da hukuma ba ta yarda da su ba daga garuruwan kan iyaka zuwa cikin ƙasa. A Mödlareuth, iyalin da ke da injin niƙa na bakin rafi sun sha da ƙyar, suka tsere zuwa ɓangaren Bavariya kafin a kwashe su, daga baya aka rushe ginin. A shekarar ce aka kafa shingen katako wanda ya fi tsawon mutum, sannan aka riƙa sauya shi da na waya. A 1966, shekaru 5 bayan gina katangar Balin, aka gina katangar kankare mai tsawon mita 700, tashinta sama ya haura mita 3, ga hasumiyar masu gadi, ga fitilu da ke haska wurin har gari ya waye.

Rayuwa ta rabu gida biyu. A gabas an hana mutane ko ɗaga wa 'yan uwansu hannu, balle gaisuwa. Wanda ke yamma, in yana son ganin ɗan uwansa da ke iya hango rufin gidansa, sai ya nemi izini, ya yi doguwar tafiya ta mashigar da hukuma ta amince da ita, kuma ko ya shiga ƙasar, yankin tsaron a rufe yake gare shi. A yamma kuwa ƙauyen ya zama wurin kallo, baƙi na zuwa su tsaya su leƙa tsallake. George Bush babba ya ziyarci wurin a 1983 lokacin yana mataimakin shugaban Amurka. Mutum ɗaya tak aka sani ya haura katangar ya tsira: wani direba ne, a 1973, wanda aikinsa ya ba shi damar shiga yankin tsaro, ya matso da motarsa jikin katanga, ya ɗora tsani a kan motar ya dira a yamma.

Katangar Balin ta faɗi ranar 9 ga Nuwamban 1989, amma mutanen Mödlareuth sai da suka ƙara jiran wata guda. Ranar 9 ga Disamba aka fasa ƙofar masu tafiya a ƙafa. Ranar 17 ga Yunin 1990 aka kawo motar rusau ta kayar da mafi yawan katangar, aka bar wani sashe da hasumiya don tarihi. Su ne tushen gidan adana kayan tarihin da yanzu ke jawo dubban baƙi duk shekara. Tsohon filin iyakar kuma, mai tsawon kusan kilomita 1,400 a faɗin Jamus, ya koma mafakar tsuntsaye da tsirrai, saboda shekarun da ya yi ba noma ba gini.

Har yau ƙauyen yana ƙarƙashin jihohi biyu. Rabi na bin Töpen a gundumar Hof, rabi na bin garin Gefell a gundumar Saale-Orla. Lambar gidan waya daban, lambar tarho daban, lambar mota daban, zaɓen jiha da hutun makaranta ma kowa da nasa. Wannan bai dami kowa ba, domin haka kakanninsu suka zauna ɗaruruwan shekaru. Tarihin Mödlareuth ya nuna cewa kasancewar iyaka ba ita ce ke raba jama'a ba. Abin da masu mulki suka ga damar yi da ita shi ne ke raba su.