Unknown Pleasures: Wai Wanne Ne Faifan Asali?

Baba ne ya fara ganin faifan a ɗakina. Ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Kai, wannan faifan garmaho ko suna babu a fuskarsa, nawa ka saya?" Na yi shiru. Fam 70 na biya, kuɗin cefanena na sati biyu a jami'a, kuma mai shagon ya rantse min bugun farko ne. Daga baya na gano ba haka ba ne. Haushin wannan ne ya sa na shiga tonon tarihin faifan.

Unknown Pleasures shi ne kundin farko na Joy Division, samari huɗu daga yankin Manchester a Ingila. Sun ɗauki sautinsa a Strawberry Studios da ke Stockport a watan Afrilu 1979, ya fito a watan Yuni. Kiɗan punk da ya tashi a 1976 duk ihu ne da gudu. Waɗanda suka biyo baya, wato 'yan post-punk, sai suka rage gudu, suka bar jitar bes ta ja gaba. Mai haɗa sautin, Martin Hannett, ya ƙara nasa: ƙarar fashewar kwalba, ƙarar lif, ganga mai amsa kuwwa kamar a kangon gida. Peter Hook da Bernard Sumner ma ba su so aikin ba a lokacin, suna ganin ya kashe musu zafin da suke da shi a kan dandali.

To ga inda matsalar masu tara faifai take. Factory Records, kamfanin da Tony Wilson na gidan talabijin ɗin Granada ya kafa da abokansa, ƙaramin kamfani ne, ofishinsa ma a gidan Alan Erasmus yake a Palatine Road. Wannan ne babban faifansu na farko, lambarsa FACT 10, kuma kwafi 10,000 suka fara bugawa. Da ya ƙare sai a sake bugawa, da lamba ɗaya, da hoto ɗaya, ba wanda ya damu ya rubuta "bugu na biyu". Bayan Ian Curtis, mawaƙin ƙungiyar, ya rasu ranar 18 ga Mayu 1980 yana da shekara 23, neman faifan ya ƙaru, aka ci gaba da bugawa. Saboda haka faifan Factory na gaske yana da yawa a kasuwa, amma na 1979 ɗin kaɗan ne a ciki, kuma daga nesa duk kamarsu ɗaya.

Shi ya sa za ka ga mutum a shago yana shafa kwali kamar mai zaɓen shadda. Kwalin farko yana da kaushi-kaushi a hannu, kuma babu layukan farashi na kwamfuta a bayansa. Fuskokin faifan biyu an sa musu suna Outside da Inside maimakon A da B. Sai kuma wurin da ya fi muhimmanci, santsin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya, inda ake karce lambobi da hannu. A nan George Peckham, wanda ya yanka faifan, ya bar tambarinsa na Porky. Wasu tsofaffin kwafin kuma, in ka ɗaga su gaban fitila mai ƙarfi, baƙin ya kan koma ja mai duhu. Masu tarawa na ta musu a Discogs kan ko jan ne ya riga fitowa, ni dai na daina shiga wannan rigima. Kuma a kula: bugun cika shekara 40 da aka yi a 2019 shi ma ja ne, amma kwalinsa fari.

Hoton fuskar kuwa, wanda yanzu ke kan rigar kowa har da waɗanda ba su taɓa jin waƙa ɗaya ba, siginar wani tauraro ne mai suna CP 1919, wanda Jocelyn Bell Burnell ta gano a 1967 tana ɗaliba a Cambridge. Daga wani kundin ilimin taurari aka ɗauko zanen, Peter Saville ya juya shi ya zama fari a kan baƙi.

Factory ta durƙushe a 1992, haƙƙin ya koma hannun London Records, kuma tun daga 2007, shekarar da fim ɗin Control ya fito, sababbin bugu sun cika shaguna da araha. Gaskiya sautinsu ba laifi. Wani lokaci ma sun fi tsoho tsabta, don faifan da ya shekara 40 yana yawo daga ɗakin haya zuwa ɗakin haya sai ka ji shi yana ƙas-ƙas kamar ana suya.

Nawa dai na Factory ne, kwalinsa da kaushi, amma lambobin da ke karce a jikinsa na bugun baya ne. Na koma shagon da shi, mutumin ya daga kafaɗa ya ce ai shi ma haka aka gaya masa. Ranar Asabar akwai kasuwar faifai a garinmu. Na riga na rubuta lambobin a takarda, na kuma yi wa wayata caji saboda tocila, Baba kuma ya ce in duba masa ko Allah zai sa a samu na Shata.