Daga alharini zuwa satin: tarihin hanyar Segedin a jikin ƴar tsana

Tarihin yau ƙarami ne a ido, don kan ƙyallen da ƴan mata ke tsinta ƙarƙashin keken tela za mu yi magana, wanda suke yi wa ƴar tsana sutura da shi. Duk wanda ya lura ya san ƙyallen nan ya sake. A da auduga ce mai kauri, yanzu kuwa akasari yadi ne mai santsi da sheƙi, irin su satin da shifon, wanda ko babba ya riƙe shi sai ya sulluɓe masa. To yaya aka yi muka zo nan?

Mu ɗauki Segedin, wadda takardun gwamnati ke rubutawa Séguédine. Tana can ƙarshen Kawar ta arewa, cikin gundumar Bilma, garin gishiri da dabino, na Barebari da Tubawa. Nan hanya ke rabuwa biyu, ɗaya ta nufi Shirfa da Jado, ɗaya ta miƙe Madama har iyakar Libiya. Auduga ba ta cikin abin da wannan ƙasa ke bayarwa. Ke nan duk zaren da ke jikin mutum a Segedin baƙo ne, ko raƙumi ya kawo shi ko kamiyo.

Daga kudu ayarin gishiri ke shigowa Kawar da hatsi da tufafin saƙi, har da turkuɗin ƙasar Kano mai zubar da baba a jiki. Daga arewa kuma akwai tsohuwar hanyar Tarabulus da Murzuk zuwa Barno, wadda Denham da Clapperton suka biyo a 1823, Barth kuma ya bi ta a 1855 zai koma gida. Kada mu yi wa hanyar nan kwalliya, bayi masu yawa sun bi ta zuwa arewa, wasu ƙasusuwansu a bakin rijiyoyi suka tsaya. Cikin hajar da ke gangarowa kudu a wancan zamani akwai alharini, wato ragowar siliki na masaƙun Turai da ake rinawa ja. Barth ya same shi a kasuwar Kano a 1851, ya kuma lissafa shi cikin manyan kayan da ake shigowa da su. Akasarin na Kano ta Gat da Abzin yake bi, hanyar Kawar ta Barno ce. Abin lura shi ne, abin da Turawa suka ɗauka shara, a nan kayan sarauta ne: da shi ake aikin wuyan babbar riga, a yi mata shafi a ƙasa, a saƙa shi cikin zanen matan attajirai. Muna da namu silikin, tsamiya, amma shi da kaushinsa, ba ya santsi.

Wa zai ba yarinya alharini ta yi wasa? Babu. Ƴar tsana ta wancan lokaci, ta kara ce ko ta ƙashi ko ta laka, tsumman tsohon zanen uwa take samu. Kuma ba ɗinki ake mata ba. Ɗinki a ƙasar Hausa sana'ar maza ce, mata na kan kaɗi. Yarinya ɗaura wa ɗiyarta zane take yi kamar yadda ta ga uwarta na yi, ta soke bakinsa, ta ɗora kallabi, shi ke nan an shirya sai biki. Saƙin auduga yana kama jikinsa, ko ba allura zai zauna. A irin wannan wasa na auren ƴar tsana, da lefensa da kayan ɗakinsa, yara suka koyi ɗaurin zane da goyo tun ba su san koyo suke ba.

Sai duniya ta juya. Faransawa suka kafa bariki a Bilma a 1906, Italiya ta faɗa wa Tarabulus a 1911, a daidai lokacin kuma layin dogo ya iso Kano, haja ta koma shigowa ta teku. Fataucin hamada ya durƙushe. Can kuma masana suka fitar da zare daga sinadarai, nailan a Amurka a 1935, poliyesta a Ingila a 1941. Wannan zare na man fetur shi ya karya darajar sheƙi. Yau masaƙun Sin ke fitar da shi tuli, yana zuwa mana ta Kano da Agadez, wani ta Sabha. Da zinariyar Jado ta fashe a 2014, dubban mutane suka ratsa Segedin, kuɗi ya zaga, haja ta biyo kuɗi. Abin da sarki ke taƙama da shi jiya, ko dai mai kama da shi, yau yana cikin sharar tela.

Nan wahalar take. Satin ba ya ɗauruwa, ka soke shi ya kwance. Ƴar roba ta kanti ita ma jikinta sumul, santsi kan santsi. Dole sai an ɗinka, kuma yadin da ya fi kowane wuyar ɗinki shi ya faɗo hannun mai koyo. Almakashi ya taɓa shi ya gudu, bakinsa ya yi ta zarewa, rigar kuma duka-duka ba ta wuce tafin hannu ba, in zare biyar ya zare an ci rabin hannun riga. Yarinya ta gwada sau biyu ta jefar, a ce ba ta da haƙuri. Mu dai a ganinmu ba laifinta ba ne.

Teloli suna da dabarunsu, kuma ba sirri ba ne. A tsoma ƙyallen cikin ruwan sitaci ko ruwan ƙaro, irin yadda ake yi wa shadda, a shanya ya bushe, zai tsaya kamar takarda, bayan an gama a wanke. Ko a shimfiɗa shi kan takardar tsohon kaye, a kafe da allurai, a yanka su tare, a ɗinka su tare, daga baya a yage takardar. Allura siririya, ɗinki ƙanana-ƙanana, a bar baki mai faɗi sai an gama a rage. Riga kuma a yi ta buɗe ta baya, don kan ƴar roba ya fi wuyanta girma nesa.

Akwai dabara ɗaya da muke roƙon iyaye su sa wa ido. Yara sun ga manya na lasa wa bakin yadi wutar ashana ko kyandir don ya daina zarewa, kuma gaskiya yana dainawa, tunda narkewa yake ya daskare. Amma poliyesta ba ya ci kamar auduga ya zama toka, ɗiga yake kamar leda, ya manne a fata yana ci. Yarinyar da ke riƙe da ƙyallen sau da yawa hijabin jikinta ma irin yadin ne. A gari kamar Segedin, inda babban asibiti ke da nisan kwanaki ko awoyi masu yawa cikin rairayi, wannan aiki na babba ne, a waje, da kwanon ruwa a kusa.