GUZURIN MAKKA, JIYA DA YAU

Hausawa na cewa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk shekara in lokacin tashin alhazai ya yi, za ki ga gidaje a Dutsin-Ma da Kurfi ana ta ɗinke-ɗinke da sallama da dangi, amma da wuya ki ji wadda ta tsaya ta tambaya: wai wane irin jirgi ne zai ɗauki Hajiya, kuma me za ta ci a cikinsa? To, don mu san nauyin wannan tambaya, bari mu ɗan waiwaya baya.

A zamanin kakanninmu, wanda ya yi niyyar Makka daga ƙasar Katsina gabas yake fuskanta, a ƙafa ko a kan jaki. Ya bi ta Kano da Barno, ya ratsa Wadai da Darfur, har ya isa Sawakin a bakin Bahar Maliya, sannan ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Wani ya yi shekara 3 a hanya, wani 7, domin in guzuri ya ƙare sai a yada zango a yi noma ko ƙodago, a tara, a ƙara gaba. Da yawa ba su dawo ba, zuriyarsu na nan a Sudan har gobe. To wa ke riƙe da cikin ayarin nan? Mata ne. Su ke daka garin gero, su soya ƙuli-ƙuli, su shanya kuka da kuɓewa, su ƙulla daddawa da yaji. Su suka san abin da zai yi wata bai lalace ba, da wanda sai an cinye shi kafin kwana 3. Macen da ba ta iya guzuri ba, Allah sarki, yaranta ne ke fara jin jiki.

Kai, ko sarki bai samu tafiyar da sauƙi ba. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi ta Legas ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, daga can ya wuce aikin Hajji. Sai a 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano, jirage 3 na sojan Ingila da suka taso daga Masar. A 1936 jiragen haya suka fara zirga-zirga tsakanin Kano da Hartum, amma fa ƙanana ne, kujerunsu ba su kai na bas ɗin kasuwa ba, kuma talaka sai dai ya ɗaga kai ya yi kallo. A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Muhammadu Nagoda da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai a motoci zuwa Sudan. Tafiyar shekaru ta koma ta watanni. Duk da haka tukunya da buhun gero suna saman mota, uwargida ce dai ke hura wuta a kowane zango.

Abin ya sauya ne bayan an kafa kamfanin Nigeria Airways a 1958, mai tambarin giwa da fukafukai, musamman da kuɗin fetur suka shigo. A 1975 gwamnati ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa, a 1977 kuwa alhazan Nijeriya sun haura 100,000. Mutanenmu na nan, tun muna cikin jihar Kaduna kafin a yi jihar Katsina a 1987, yawanci Kano suke nufa ta Kankiya, su yi kwanaki a sansanin alhazai suna jiran jirgi. Yanzu kuwa mutumin Dutsin-Ma ya bi ta Kurfi ya shiga Katsina, ya tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Su jiragen ma iri-iri ne, kuma kowanne da halinsa. Boeing 707 da ya yi tashe a wancan lokaci inji 4 gare shi, hanya ɗaya ce a tsakiya, kujeru 3 dama 3 hagu, yana ɗaukar kimanin mutum 200. In ma'aikaciya ta turo keken abinci, to hanya ta toshe, mai son makewayi sai ya yi haƙuri. DC-10 inji 3 ne, faffaɗa, mai hanya biyu. Sai babban yaya, Boeing 747 da ake kira Jambo, wanda ya fara aiki a 1970, mai bene a gaba, yana kwashe sama da mutum 400 a sawu ɗaya. Da irinsa Kabo Air na Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya yi jigila, haka Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal, ɗan Katsina. Nigeria Airways ya daina tashi a 2003, shi kuma Jambo an miƙa na ƙarshe da aka ƙera a 2023. Manyan jiragen da suka gaje shi, irin su Airbus A330 da Boeing 777, inji 2 gare su, kada ki ga biyu ki ce ya gaza.

Ba za mu wuce ba sai mun yi wa waɗanda suka rigu addu'a. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin 707 ɗauke da alhazai ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli 1991 wani DC-8 da ya taso daga Jidda zai tafi Sakkwato ya kama da wuta, duka mutum 261 suka cika. Da aka bincika, tayoyin da iskarsu ba ta cika ba ne mafarin gobarar. Allah Ya jiƙansu. Kin ga ke nan a jirgi babu ƙaramin abu, shi ya sa in an ce ɗaura bel, ko an hana shiga da risho da kananzir, ba wulaƙanci ba ne.

To yanzu mu zo kan tire, inda da yawa daga cikin iyayenmu ke shan wahala a ɓoye. Daga Kano zuwa Jidda kusan kilomita 3,400 ne, awa 4 zuwa 5, in ban da irin 2023 da yaƙin Sudan ya sa aka rufe sararin samaniyarta jirage suka riƙa zagaye. A irin wannan tafiya akan ba da abinci mai zafi sau ɗaya: shinkafa ko taliya da kaza ko naman sa, ɗan burodi, ɗan kek, ruwa da lemo ko shayi. Ba a jirgi ake girka shi ba. A ƙasa ake dafawa, a sanyaya, a jera a tire, in an lula sama a ɗumama. In kin ji shi salam, ba lalle laifin mai girki ba ne. Iskar cikin jirgi busasshiya ce kamar ta hunturu, ga ƙarancin nauyinta kamar kina kan dogon dutse, sai hanci ya bushe, harshe ya rage jin gishiri da zaƙi. Ɗan ƙullin yajinki ya isa ya gyara.

Amma me ke faruwa? Tsohuwa ta kwana a sansani ba ta ci na kirki ba. An kawo tire ta kau da kai, wai ba ta san naman mene ne ba, alhali abincin jirgin alhazai halal ne. Ruwa ma ta ƙi sha, don kada fitsari ya kama ta, tana jin kunyar tashi gaban maza, ga tsoron ƙarar makewayin jirgi in an danna. Haka za ta sauka cikin zafin Saudiyya, ta bi dogon layin duba fasfo da jiri, mai ciwon suga ma har ta yanke jiki. Ibadar da aka tara wa kuɗi shekara da shekaru sai a fara ta da ƙarin ruwa a asibiti. 'Yar uwa, wannan kunyar ba ta cikin addini.

Saboda haka in Inna ko surukarki za ta tafi, zauna da ita ki yi mata bayani dalla-dalla. Ki roƙi jami'in alhazai, in da hali, a ba ta kujerar bakin hanya. Ki nuna mata yadda ake kulle ƙofar makewayi da buɗewa. Ki ce ta riƙa kurɓar ruwa a kai a kai, ta miƙe ta taka kaɗan saboda kumburin ƙafa, in kunne ya toshe wajen sauka ta yi ta haɗiyar yawu. Magungunanta da takardar likita su zauna a jakar hannu, tare da dabino ko biskit, don jirgi kan yi jinkiri. Kunu da fura a gora ba sa wuce masu bincike, tun 2006 aka taƙaita abin ruwa a jakar hannu zuwa mililita 100. Goro kuwa Saudiyya ta hana shiga da shi, haka saƙon wanda ba ta sani ba kada ta taɓa. Wadda za ta bi jirgin haya zuwa Umra ko Dubai ko Landan kuma, tana iya neman abincin masu suga ko na jariri, amma a faɗa tun kwana 2 kafin tashi.

Kakanninmu mata ba su yi boko ba, amma sun ciyar da ayari daga Katsina har Sawakin saboda sun san hanya kuma sun yi mata tanadi. Mu da aka taƙaita mana ita zuwa wuni ɗaya, abin kunya ne a ce tsohuwarmu ta isa da yunwa. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya kai alhazanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, mu ma Ya kira mu muna da ƙarfinmu, amin.