Tsaron Wuraren Gine-gine da Sa Ido Daga Nesa ta Hanyar Na'urorin Sadarwa: Nazari a Kan Maradun, Bakura da Talata Mafara

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda za a iya tsare wuraren manyan gine-gine tare da sa musu ido daga nesa a ƙananan hukumomin Maradun da Bakura da Talata Mafara na Jihar Zamfara. Ta dogara ne ga abubuwan da suka faru a yankin waɗanda ke rubuce a bainar jama'a, da kuma nazarin yadda na'urorin suke aiki. An gano cewa akasarin kayan sa ido da ake sayarwa an ƙera su ne bisa zaton akwai wuta da sabis a kowane lokaci, kuma akwai jami'an da za su kawo ɗauki cikin mintuna. Babu ɗaya daga cikin ukun da ke da tabbas a wannan yanki. Maƙalar ta ba da shawarar a tsara aikin don ranar da babu sabis, a fifita ran ma'aikaci a kan kaya, a kuma nemi yardar mutanen gari kafin a kafa kyamara ko ɗaya.

Muhimman kalmomi: tsaro, wurin gini, sa ido daga nesa, sadarwa, Bakolori, Zamfara.

1.0 Gabatarwa

Wurin gini dukiya ce zube a fili. Akwai siminti da rodi da kwanon rufi da wayoyin wuta, ga man gas a tanki, ga janareta da tifa da katafila, kuma galibi babu katanga, domin katangar ita ma tana cikin abin da ake ginawa. A ƙasashe irin su Ingila da Amurka, 'yan kwangila sun daɗe da koma wa kyamarori da na'urorin bin sawu waɗanda ke aika bayani ta intanet zuwa wani ofishi mai nisa. Irin waɗannan kaya sun cika kasuwannin Kano da Abuja, kuma 'yan kwangilar da ke aiki a Zamfara suna da dalilin kwaɗayinsu, tun da zuwa duba aiki da ƙafa ya zama sayar da rai a wasu hanyoyi. Tambayar wannan bincike ita ce: wane ɓangare na wannan fasaha ne zai yi aiki a yankin Maradun, kuma bisa waɗanne sharuɗɗa?

2.0 Hanyar Gudanar da Bincike

An bi hanyoyi biyu. Ta farko ita ce bibiyar tarihin yankin, musamman aikin madatsar ruwa ta Bakolori da matsalolin tsaro da suka auku a shekarar 2021. Ta biyu ita ce auna buƙatun na'urorin ta fuskar wuta da data, a gwada su da halin da ake ciki. Alƙaluman wuta da data da aka kawo lissafi ne na misali, wanda kowane injiniya zai iya maimaitawa da kayan da ke gabansa.

3.0 Fagen Bincike da Darasin Bakolori

Babu wani gini da ya sauya fuskar wannan yanki kamar madatsar ruwa ta Bakolori da ke kan Kogin Sakkwato. An fara aikin a 1974, aka kammala madatsar a 1978, a hannun kamfanin Impresit na ƙasar Italiya. Tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, kuma an tsara ta ne don noman rani a fili mai faɗin hekta 23,000 da ya ratsa ƙananan hukumomin nan uku.

Babbar barazanar da aikin ya fuskanta ba daga ɓarayi ta fito ba. Ruwa ya cinye gonaki da gidajen dubban mutane, an hana wasu manoman shuka yayin da ake gyaran fili, biyan diyya kuma ya yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyin shiga wurin aiki, aiki ya tsaya. A watan Afrilun 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu, wasu masu bincike kuma suka ce adadin ya kai ɗaruruwa. Masana irin su Björn Beckman da William Adams sun yi rubutu a kan lamarin, kuma abin da ke fitowa fili daga ayyukansu shi ne an tsara aikin ne ba tare da sauraron masu ƙasar ba.

Wannan tarihi yana da alaƙa kai tsaye da batun da ake magana a kai. Duk kamfanin da ya sauke kaya a Maradun ko Bakura yana sauka ne a cikin jama'ar da ta san abin da babban aiki zai iya yi mata. Ko a lokacin gyaran hanyoyin ruwan Bakolori a ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, an ɗora nauyi mai yawa a kan ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, saboda an fahimci cewa abin da jama'a ba su ɗauka nasu ba, ba ya ɗorewa.

4.0 Nau'o'in Barazana

Ana iya kasa barazanar gida uku, kuma kowacce da maganinta.

Ta farko ita ce satar cikin gida, wadda ta zama ruwan dare a harkar gini. Tirela ta taso da buhun siminti 600, ta sauke ƙasa da haka, aka sa hannu a takarda cewa ya cika. Direba ya zuƙe man tifa ya sayar a hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan ne fasaha ta fi amfani.

Ta biyu ita ce ɓarayin waje masu zuwa cikin dare don ɗaukar batir ko waya ko injin ban ruwa. Haske da jiniya da maigadi a farke suna rage wannan matuƙa.

Ta uku ita ce harin 'yan bindiga, wanda ya sha bamban da sauran, domin abin da suke nema mutum ne. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai mata 279 a Jangebe ta ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agustan shekarar aka kai hari Kwalejin Aikin Gona da ke Bakura. Ranar 1 ga Satumba kuma aka kwashe ɗalibai 73 a makarantar sakandare ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun. Masu zuwa da babura gommai ɗauke da bindigogi ba sa tsoron a ɗauki hotonsu. Dokar Nijeriya kuwa ba ta ba masu gadi na kamfanoni masu zaman kansu damar riƙe bindiga ba. Saboda haka amfanin na'ura a nan ɗaya ne: ta ba da labari da wuri don mutane su tsira.

5.0 Gwajin Fasahar da Halin Yankin

5.1 Sabis

A ranar 3 ga Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umurci kamfanonin waya su rufe turakunsu a duk faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, wanda shi kansa ɗan Maradun ne. An ce mako biyu za a yi, amma sai a farkon Oktoba aka maido da sabis a Gusau, sauran sassan jihar kuma suka ƙara makonni a rufe. Duk kyamarar da ke dogaro da layin waya ta makance a daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Ko ba tare da umurnin gwamnati ba, turakun karkara kan tsaya idan man janaretansu ya ƙare ko aka kasa kai musu gyara.

Ga kuma tsadar data. Kyamara ɗaya mai aika bidiyo a kan megabit 2 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 21.6 a kwana. Guda huɗu za su haura gigabait 2,500 a wata. Mafita ita ce a ajiye bidiyon a wurin aikin, a riƙa aika gajeren saƙo da hoto ɗaya kawai idan an ga motsi. Intanet ta tauraron ɗan'adam, irin ta Starlink da ta fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, tana kauce wa matsalar turaku, sai dai ita ma da lasisin hukuma take aiki, don haka umurnin rufewa zai iya shafarta. Dole a tanadi hanyar da ba ta bi ta kowane kamfani ba, kamar oba-oba mai rajista, da ƙananan na'urori masu magana da juna ta rediyo a tazarar 'yan kilomitoci, irin na tsarin LoRa.

5.2 Wuta da Yanayi

Wuraren gini da yawa ba sa kan layin wutar gwamnati, don haka sola ce madogara. Kyamarori huɗu da na'urar adana bidiyo da ta sadarwa, idan jimillarsu ta kai wat 80, suna buƙatar kusan kilowat-awa 2 a kwana, kuma batir ne zai ɗauki nauyin dukan dare. Zafin bazara da ke haura digiri 40 yana rage wa batir kwana. A lokacin hunturu ƙura kan lulluɓe faifan sola da gilashin kyamara cikin 'yan kwanaki. Da damina kuma ƙwari na taruwa a hasken kyamarar dare, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta, sai na'ura ta yi ta kururuwar ƙarya har maigadi ya gaji ya kashe ta. Tsumma da tsani da mutumin da aka ɗora wa alhakin gogewa kowace safiya suna cikin tsarin tsaro, kuma ya kamata su fito a kasafin kuɗi. Faifan sola da batir su ma abin sata ne, sai an ɗaure su sama a cikin keji.

5.3 Abin da Ya Fi Biyan Kuɗinsa

Ƙananan na'urori marasa cin wuta sun fi kyamara saurin mayar da kuɗinsu. Misali, ma'aunin da ake sakawa cikin tankin gas yana rubuta yawan mai kowane 'yan mintuna. Idan jadawali ya nuna mai ya ragu da ƙarfe biyu na dare alhali janareta a kashe yake, babu sauran gardama, kuma bayanin bai fi girman saƙon tes ba. Na'urar bin sawu a jikin tifa tana nuna inda ta tsaya da tsawon lokacin da ta yi. Dukansu suna iya adana bayani har sabis ya dawo.

Wajen duba ci gaban aiki kuwa, hoton waya mai ɗauke da kwanan wata da lambobin wuri ya wadatar a mafi yawan lokuta. A kan wannan dabara Bankin Duniya ya gina shirinsa na GEMS don ayyukan da ke yankunan rikici, ta amfani da manhajar KoboToolbox wadda ke aiki ko babu intanet. Taurarin Sentinel-2 na Turai suna ba da hoto kyauta kusan kowane kwana biyar, amma ƙwayar hotonsu mita 10 ce. Za su nuna an share hanya ko an cika magudana da ruwa, ba za su ƙirga bulo ba. Jirgi maras matuƙi yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, kuma a Maris 2021 gwamnatin tarayya ta taɓa haramta shawagin jirage a sararin samaniyar Zamfara.

6.0 Haɗarin da Fasahar Ke Jawowa

Bayanan da ke kare wurin aiki su ne kuma za su iya cutar da shi. Jadawalin zirga-zirgar injiniya, ranar biyan leburori, ɗakin da baƙi ke kwana, duk abubuwa ne da infoma zai saya da tsada. Kyamarar da aka bari da kalmar sirrin da ta zo da ita daga masana'anta, ko bidiyon da ake yawo da shi a zauren WhatsApp mai mutum talatin, ƙofa ce a buɗe. Akwai kuma haƙƙin maƙwabta. Kyamarar da aka ɗaga sama a gefen gari tana iya leƙa tsakar gidan da mata ke harkokinsu, abin da babu magidancin da zai lamunta. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta wajabta sanar da mutane dalilin tattara bayanansu da taƙaita shi ga buƙata.

7.0 Shawarwari

Na ɗaya, kafin sauke kaya a zauna da hakimi da dagaci da limamai da masu gonakin da aikin ya shafa, a kammala maganar diyya, a nuna musu inda kowace kyamara ke kallo. Na biyu, a ɗauki leburori da masu gadi daga garin, a biya su a kan kari. Na uku, kowace na'ura ta iya aiki aƙalla mako biyu babu sabis. Na huɗu, a rubuta wanda za a kira idan jiniya ta yi ƙara, ko 'yan sanda ko sojoji ko Askarawan Zamfara da gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar a Janairun 2024, a kuma gwada hanyar ficewar ma'aikata da rana tsaka. Na biyar, a daina tara kayan wata uku a fili. Na shida, Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da Jami'ar Jihar Zamfara, dukansu a Talata Mafara, su horar da matasan da za su girka kayan su gyara su, domin mai gyaran da sai ya taso daga Kano ba zai zo ranar da hanya ta ɓaci ba.

8.0 Kammalawa

Na'urorin sadarwa suna da gurbi a wuraren gini na Maradun da Bakura da Talata Mafara. Suna toshe satar mai da ta kaya, suna rage tafiye-tafiye masu haɗari, suna kuma ba mai aiki hujjar abin da aka yi da kuɗinsa. Amma game da harin 'yan bindiga, labarin da manomi ko ɗan acaɓa zai kawo tun maharan suna nesa yakan riga kowace kyamara isowa, kuma wannan labari ba ya zuwa sai ga kamfanin da mutanen gari ke so ya gama aikinsa lafiya. Yankin na buƙatar makarantu da asibitoci da hanyoyi da gaggawa, kuma ba za a same su ba sai birkila da lebura sun tabbata za su koma gida da yamma. Duk kuɗin da za a kashe kan fasaha, da wannan ma'auni ya kamata a auna shi.